Ranar da na buɗe bakin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin farin da ya kashe dabbobi ya koro mutanen karkara cikin Damagaram, mahaifiyata ta dawo wurina da zama. Abin da ya tuno mini da zancen, wata daga cikinku ce ta tambaye ni a ƙarƙashin rubutuna: wai ruwan nan na kwalba da ake kurkure baki da shi, dole ne ko ba dole ba ne? Ni ban karanci aikin likita ba. Karatun ma sai da na aurar da 'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zana baƙaƙe kamar kaza ta bi ta kan allo. Amma ruwan nan na san shi. Saura kaɗan in rasa uwata a kansa, kuma ba laifinsa ba ne.

Mahaifiyata a wani ƙauye take can wajen Tirmini. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Da awakinta suka ƙare, rijiyar garin ta koma laka, ƙanwata auta wadda take kula da ita ta bi mijinta Najeriya neman abinci. Sai aka ɗoro mini tsohuwa a bayan kamyo, babbar motar kaya, da tabarmarta da butarta da ƙullin kayanta.

Ni ce 'yar fari. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. Tun da aka haife ni mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in tana zancena da wani sai ta ce "waccan". Ba ta cin abinci ina kallo, ba ta dariya da ni, ba ta gaya mini inda ke mata ciwo. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi. Sai ga kunya ta biyu a kan ta farko, wato surukuta. Mijina in zai gaishe ta, a bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa, ita kuma ta amsa daga bayan asabari. Muna gida ɗaya, amma zance tsakaninmu sai ya yi zagaye kamar hanyar da ta kauce wa dutse.

Tsohuwar mace ce mai ji da bakinta. Goro da fure sun rina mata haƙora sun yi ja, yadda matan zamaninsu suke so. Kullum da safe asuwaki na bakinta, tana goga tana ba jikoki umarni da gefen baki. Ita da 'yata ƙarama kuwa ba su da aiki sai tsokanar juna, irin ta kaka da jika.

Wata rana da hantsi yarinyar ta haye cinyarta, sai ta ja baya ta toshe hanci ta ce, "Kaka, me ya mutu a bakinki?"

Na jira in ji amsa, don tsohuwa ba ta barin bashin magana. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta juya wajen bango. Ni ma na daɗe ina jin warin, amma ta ina 'yar fari za ta fara? Mijina yana zaure, ya ji komai.

Shi palanto ne a lokacin, wato ɗan aike a wani biro, ofishin gwamnati. Yakan kai wa patoronsa, maigidansa na wurin aiki, saƙo har gida da sassafe, ya sha ganinsa a tsakar gida yana kurkure baki da wani ruwa kore yana tofarwa. Bayan kwana kaɗan sai ga shi da kwalba daga farmasi, kantin magani, a naɗe cikin takarda. Na san ba ƙaramin abu ya hana kansa ba kafin ya saye ta, a shekarar da kowa hatsi yake nema.

Ya ce, "Ki kai wa Inna. Kada ki ce mata don me."

Na ce, "To in ce mata na mene ne? Na shafawa a ƙafa?"

"Ke dai kin iya baki. Ki san yadda za ki yi."

Na shiga ɗakin na ajiye kwalbar kusa da butarta, na tsaya ina kallon rufin ɗaki kamar da azara nake magana. Na ce, "An ce a zuba a murfin nan, a kurkure, a tofar. Ba a haɗiyewa." Ita ma ba ni ta kalla ba. Ta ce wa bango, "Allah ya yi masa albarka."

Ranar farko da ta kurkure har hawaye suka zubo mata don zafi. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Babarbariya da suka ƙulla ƙawance, cewa maganin da ba ya cizo ai ba magani ba ne. Kafin mako ya zagayo wari ya ɓace. In ta yi magana sai ƙamshin na'a-na'a. Yarinya ta koma hawa cinya. Ni kuwa, Allah ya yafe mini surutu, a layin famfo inda muke yini muna jiran ruwa, babu wadda ban ba labari ba. Ina cewa mu gidanmu an daina cin itace kamar awaki, maganin Nasara muke yi. Ko harafi ɗaya na jikin kwalbar ban iya karantawa ba, amma in kun ji ni sai ku ce ni na haɗa shi.

Na lura ta daina asuwaki, ban damu ba. A ganina sabon abu ya zo, tsoho ya tafi. Ita kuma, daga baya na gane, dalili biyu gare ta. Itacen yana fasa mata dasashi ya yi jini. Sannan surukinta ya kawo magani, in ta ci gaba da asuwaki kamar ta ce nasa bai isa ba ke nan.

Abincinmu a lokacin jar dawar taimako ce, tuwonta kamar dutse in ya huce, sai dambu ranar da aka samu ganye, sai garin rogo. Kwanon tsohuwa ya fara dawowa da saura. In na tura yarinya ta tambaya, sai ta ce, "A ba yara, ni na ƙoshi." Wannan ba abin mamaki ba ne, duk tsofaffin unguwa haka suke yi a shekarar. Ta rame, to wa bai rame ba? Har ni zanena sai da na ƙara masa ɗauri. Da haka aka tafi, har ta kai in za ta tashi salla sai ta dafa bango, daga baya ma ta koma yin ta a zaune. Muna cewa tsufa ne da yunwa. Bakinta dai ƙamshi yake yi.

Wata safiya ina shara na zo inda take alwala. Na ga jan tofi a kan yashi, kamar kullum. Har na kai tsintsiya sai na tsaya. Tun ina yarinya na saba ganin jan tofi a inda mahaifiyata ta zauna, don haka idona ya daina ganinsa. Amma goro ya daɗe da barin gidanmu. Rabon da a ga ko ɓari ɗaya tun kafin a kawo kwalbar, fure kuwa ba a maganarsa, lambunan sun bushe. To jan mene ne wannan?

Na durƙusa na duba. Jini ne, har da wani abu fari-fari a ciki.

Ban tunkare ta ba tukuna. Na bi hanyar da aka saba, na je wurin maƙwabciyarmu na ce, "Iya, ki taimake ni ki bincika mini ƙawarki. Jini take tofarwa."

Ta shiga, suka daɗe. Da ta fito ta ja ni bayan rumbu ta ce, "'Yar nan, bakin ya lalace. Ba ta iya tauna komai, ruwan tuwon kawai take tsotsa. Na ce a gaya miki, ta ce in na faɗa ba ni ba ita."

"Saboda me?"

"Ta ce yaron nan ya hana cikinsa ya sayo mata magani. In ta ce bai yi ba, ta watsa masa ƙasa a ido. Ke kuma ba za ta buɗe miki baki ba. Ina kika taɓa ganin uwa ta hangame wa 'yar fari?"

Na ce, "To yau za a gani."

"Ki bari a aika wa auta."

"Kafin saƙo ya kai Najeriya ya dawo, sai dai auta ta zo zaman makoki."

Ta kalle ni ta ce, "Ku Hausawan nan in kun tashi rashin kunya ba ku da na biyu." Na ce na ji, ta riƙe mini yara a gidanta.

Na shiga ɗakin. Tana kishingiɗe, carbi a hannu. Na zauna a kan tabarmarta, gwiwata na taɓa tata. Tun da na yi wayo ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Ta janye ƙafa.

Na ce, "Inna, buɗe bakinki in gani."

Ta ce, "Ke, tashi."

"Ba zan tashi ba."

"Wa ya aiko ki?"

"Jinin da na share a waje."

Ta ja mayafi har hanci. Ta ce, "Lafiyata lau. An ba ni magani ina yi."

"Maganin ya hana mu jin wari ne, bai hana ki mutuwa ba. Rabonki da tauna tuwo tun yaushe?"

"Ashe haka birni ya mai da ke. Ba ki da ta ido."

"Ba ni da ita. In kika mutu, kunyar za mu yi wa wanka ko ke?"

Nan ta fusata. Ta ce in na taɓa ta za ta ɗaga mini nono. Duk wanda ya san Bahaushe ya san babu maganar da ta fi wannan nauyi a bakin uwa. Amma na ce, "Ki ɗaga, Inna. Sai dai ki bari bakin ya warke tukuna, yadda tsinuwar za ta fita da kyau."

Na kama haɓarta. Ta riƙe mini hannu za ta ture, a nan ne tsoro na gaske ya kama ni, don riƙon nata bai fi na jariri ba. Matar da take daka dame guda ita kaɗai. Na janye mayafin, na juya fuskarta wajen hasken ƙofa. Ta rufe ido, ta saki baki.

Dasashin ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, ya hau kan haƙora. A gindin kowane haƙori datti ya daskare kamar ƙanzon tukunya. Na taɓa turmi ɗaya, haƙorin tauna na ciki, ya motsa, ruwa ya fito a gefensa. Kuma a kan duk wannan, ƙamshin na'a-na'a yana tashi.

Da mijina ya dawo cin abincin rana na tare shi a zaure na gaya masa. Ya ce, "Maganin ne ya yi mata haka?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Na dai san bai hana ba. Gidan likita za mu."

"Ta yarda?"

"Ban tambaye ta ba."

Ya ce zai nemo amalanke. Jakunan unguwar ba su da ƙarfin jan kansu ma. Ya ce to shi zai ɗauke ta. Daga cikin ɗaki muka ji muryarta, karo na farko da ta ɗaga ta yana kusa: gara ta mutu a nan da surukinta ya ɗauke ta. Na ce magana ta ƙare. Na shiga na durƙusa, maƙwabciya ta ɗora mini ita a baya, na ɗaure da zane kamar goyo. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na jefa kwalbar a aljihun mijina na ce ya biyo mu daga nesa.

Haka muka ratsa unguwa da rana tsaka. Ta lulluɓe kanta ruf don kada a gane ta. Matan layin famfo, waɗanda na cika wa kunne da maganin Nasara, suna ta "sannu, lafiya?" Na ce lafiya ce ta kawo haka, ban tsaya ba. A hanya tana ta magana ƙasa-ƙasa a bayan wuyana. Na ɗauka addu'a take yi. Da na kasa kunne, ashe ni take zagi.

Gidan likita cike yake da mata da yaran da yunwa ta kama. Muka jira har la'asar. Majon da ya duba mu, wato babban ma'aikacin wurin, dattijo ne da gajiya ta cika masa ido. Ya ce, "Inna, a buɗe mini." Shi kam ta buɗe masa ba gardama, tun da ba ita ta haife shi ba. Ya duba ya daɗe, ya tambayi me take gogawa da shi. Na karɓo kwalbar na miƙa masa.

Na ce, "Guba ce, ko?"

Ya ce, "Ba guba ba ce. Abu ne mai kyau a wurinsa. Amma ke in ɗakinki ya yi datti, turaren wuta kike fara sawa ko tsintsiya?"

"Tsintsiya."

"To an ajiye tsintsiya, ana ta turare. Dattin da ke manne a haƙori ruwa ba ya cire shi, sai an goge. Ga kuma rashin ganye da abu mai tsami a abinci, shi ma yana sa dasashi jini. Duk garin nan haka nake gani."

Na ce ai gogawar ce take sa ta jini. Ya ce jinin ba dalilin dainawa ba ne, dalilin gogawa a hankali ne. Ya kankare abin da zai kankaru da ƙarfensa, tsohuwa tana matse mini yatsu ba ta san nawa ba ne. Turmin da ke motsi ya ce ba zai tsira ba, ya cire shi. Ya ba da ƙwayoyi saboda ruwan da ya taru. Ya ce a samo ɗanyen asuwaki a tausasa bakinsa sosai, a goga safe da yamma, a kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a dage da kunun tsamiya da garin kuka da duk ganyen da aka samu.

Mijina yana bakin ƙofa, bai shigo ba saboda surukuta. Daga can ya ce, "Majo, kwalbar fa?"

"In ta goge tana so ta kurkure, ta kurkure. In ta ƙare kada ka wahalar da kanka."

A hanyar dawowa ya matso kusa da ni kaɗan, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kin san wani abu? Patoro yana da buros na goge haƙori a kofi, nan kusa da kwalbar. Ni dai koyaushe ƙarshen abin nake tararwa." Na ce ba komai, ni da na yi shela a layin famfo ko farkon ban gani ba balle ƙarshen.

Aikin da ya biyo baya shi ne mai wuya. Itatuwan gari duk an sassabe su an ba dabbobi, sai darbejiyar bakin hanya da ko akuya ba ta so. Ita nake karyowa. Tsohuwa ba ta iya tauna bakin itacen, sai in daddaka shi da dutse har ya yi laushi kamar gashi. Hannunta ba ƙarfi, don haka ni nake goge mata. Kowace safiya sai an yi yaƙi. Ta ce ba ta so, in ce ban tambaya ba. Ta ce ɗaci, in ce yunwa ta fi shi. Daga baya muka samu tsari: in na zauna sai ta rufe ido, ta saki baki, kamar ba ta san wadda ke wurin ba. In na gama sai ta ce wa bango, "An gode." Tsamiya kuwa har Garagumsa na sa aka nemo mini wurin wata ƙawata.

Jinin bai tsaya nan da nan ba. Kwanakin farko ma kamar ƙaruwa ya yi, har mijina ya ce ko a bari. Na ce majo ya ce a goga, gogawa za a yi. Sannu a hankali kumburin ya sauka. Ta fara shan kunu mai kauri, ta koma tuwo da aka jiƙa a miya. Ranar da ta karɓe asuwakin daga hannuna ta ce, "Ba ni nan, kina yi kamar mai wankin turmi," na fita tsakar gida na zauna ina hamdala. Kafin damina ta sauka tana salla a tsaye.

To ke mai tambaya, ga abin da na sani. Ruwan kurkure baki ba dole ba ne. Gogawa ita ce dole, da buros da man haƙori ko da asuwaki, safe da dare, har gindin haƙori. Ni yau duka biyun nake yi. Ruwan kwalba ba na gaba da shi. Da aka cire mini haƙori likita ya rubuta mini wani, na yi amfani da shi kwanakin da ya ce, na ajiye. Wanda yake son ƙamshinsa bayan ya goge, bismilla. Abin da ba na so shi ne a ji wari ko a ga jini a rufe shi da ƙamshi. Wari ɗan aike ne. In ka kore shi ba ka ji saƙon ba, wanda ya aiko shi yana nan zaune.

Kuma ku da kuke da tsofaffi a gida, ku riƙa duba kwanonsu. In ya dawo da saura kada ku yarda da "na ƙoshi". Tsofaffinmu sun iya mutuwa cikin ladabi, ba su damu kowa ba.

Mahaifiyata ta yi shekaru masu yawa bayan nan. Ba ta ɗaga mini nonon ba, amma ba ta yafe mini a baki ba. Duk bikin da aka taru, duk sunan da aka yi, sai ta ba mata labarin yadda waccan ta danne ta ta buɗe mata baki kamar mai sayen akuya a kasuwa, ta goya ta a gaban duk Damagaram. Ta ce a duk zuriyarsu ba a taɓa haifar marar kunya irina ba. Ni dai ina gefe ina kallonta. Tana faɗa tana tauna naman suna.